Hannun da bai kamata in kai goshi ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce kakar abokin karatunmu ta cika shekara 80, aka gayyace mu gidansu da ke bayan garin Dagupan, ni da wani abokina mutumin Gusau, muka matsu a cikin babur mai kwandon gefe muka tafi. Tun a hanya ya fara yi mini karatu, wai don ya riga ni zuwa Filifins da shekara biyu. Ya ce idan na shiga, in kama hannun dama na babba, in ɗan sunkuya, in taɓa bayan hannun da goshina, sannan in ce “mano po”. Na tambaye shi wane ne babba, ya ce duk wanda ya girme ni. Wannan amsa ce ta kai ni ta baro.

Mun tarar da gida cike maƙil, an rataye fitilun Kirsimeti masu siffar tauraro ko ina, alhali muna cikin Oktoba, domin mutanen nan tun Satumba suke fara shiri. Ga gasasshen alade guda a tsakiyar tebur, amma mahaifiyar abokinmu ta keɓe mana kaza da kifin bangus, wanda garin ya yi suna da shi, kuma sai da ta tabbatar mana sau uku cewa tukunyar daban ce. Na nufi Lola, wato kakar, na yi mata gaisuwar yadda aka koya mini, ta shafa kaina ta sa mini albarka, mutane suka yi tafi. Nan take kaina ya kumbura, na bi layin kujeru ina kama hannuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan siyasa a gidan makoki.

Ina gamawa sai ga wata mata ta fito daga madafa, sanye da tabarau, ta ɗaure kai da tawul, ta miƙo mini hannu. Ashe kwalin kek ɗin da ke hannuna na hagu take so ta karɓa. Ni kuwa na cafke hannun na sunkuya. Ta ja, na riƙe, domin na ɗauka irin karar manyanmu ce, da za ka durƙusa suna cewa tashi, tashi. Ta sake ja da ƙarfi, na ƙara damƙewa da ladabi, na manna hannun a goshina, yana ƙamshin tafarnuwa da miyar waken soya, kuma don in cika aiki na ɗaga murya na ce, “Mano po, Lola.” Ban san abin da ya sa na ƙara kalmar ƙarshen nan ba, har yau ina tambayar kaina. Gida ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ta fizge hannunta ta ƙwalla, “Hoy! Bata pa ako!”, wato ita har yanzu yarinya ce. Yayar abokinmu ce, Ate, shekararta 29, ma’aikaciyar jinya da ta zo hutu daga Riyad, ni kuma na naɗa ta kaka a gaban danginta kaf, ga miya tana gangaro mini tsakanin gira.

Da abin ya tsaya nan da na haƙura, amma akwai wani kawunsu, Tito mai makirufo. Mutumin nan tun la’asar ya kama na’urar waƙa ta bidiyoke ya hana kowa, yana ihu na’urar tana ba shi maki 98 cikin 100, abin da ya tabbatar mini cewa ƙara take aunawa. Shi ne ya katse waƙarsa ya sanar da unguwa cewa yau gidan ya samu sabuwar kaka, ya tara yara suka yi layi a gaban Ate suna neman hannunta. Ya maimaita sanarwar sau huɗu, har da lokacin da maƙwabta suka shigo a makare, kuma kowane karo sai ya kwaikwayi sunkuyawata, wadda na rantse ban yi ƙasa haka ba. Mutumin da ya ci rabin kazar da aka keɓe mana, ga alade guda a gabansa, shi ne yake da bakin yi mini dariya.

Da aka zo rabon pansit, doguwar taliyar da suke ci ranar haihuwa don fatan tsawon rai, Ate ce ta riƙe ludayi. Ta tula mini fiye da kowa, ta dube ni ta ce, “Ci, jikana.”

Mutumin Gusau kuwa har yanzu ya kafe a kan bai yi kuskure ba, tunda dai Ate ta girme ni da shekara uku. Shi ne kuma ya cinye abincin da aka ƙulla mana muka taho da shi, kuma kuɗin babur na dawowa ni na biya, ya ce zai ba ni rabi ranar Litinin.