Laifin Da Masu Karatu Ke Gani Ga Sufeto Wallander

Masu karanta labaran binciken kisan kai sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan Kurt Wallander, sufeton 'yan sandan garin Ystad da ke kudancin Suwidin, wanda marubuci Henning Mankell ya fito da shi a 1991. Gida ɗaya na cewa mutumin ya cika ƙunci. Kullum a gajiye yake, ba ya samun barci, abincinsa na tsaye ne a bakin hanya, yau ya ɗauki alkawarin gyara rayuwarsa, gobe ya koma gidan jiya. Su dai sun zo ne su ji wanda ya yi kisa, sai aka cika musu kunne da labarin matar da ta tafi da 'yar da ba ta son ɗaukar waya. Ɗaya gidan kuwa sun ce saboda wannan ƙuncin suke binsa littafi bayan littafi, har sukan manta wanda aka kama a ƙarshe amma ba sa manta halin da sufeton ya shiga. Ina tare da gida na biyu, kodayake akwai wurin da na farko suka fi mu gaskiya. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, ya sani zan taɓa ƙarshen wasu labaran, don hujjar tana can.

Littafin farko, wanda aka fassara da Turanci da sunan Faceless Killers, ya buɗe ne da wani tsohon manomi da ya farka cikin dare a tsakiyar hunturu, ya rasa abin da ya tashe shi, sai daga baya ya lura ba ya jin haniniyar dokin maƙwabcinsa kamar yadda ya saba. Da aka shiga gidan, an tarar da maigidan an azabtar da shi har ya mutu, matarsa kuma an zarga mata igiya a wuya. Kafin ta cika a asibiti ta furta kalma ɗaya mai nuna cewa baƙi ne daga waje suka yi aikin. Wani daga cikin 'yan sanda ya tsegunta wa 'yan jarida, gari ya ɗau zafi, aka cinna wa sansanin 'yan gudun hijira wuta, aka harbe wani ɗan Somaliya da ba shi da hannu a komai. Wallander, mutumin da aka ɗora wa wannan bincike, matarsa Mona ta bar shi, 'yarsa Linda ta yi nesa da shi, mahaifinsa ya fara ruɗewa. Tsohon mai zane ne, kuma hoto ɗaya yake ta maimaitawa tsawon rayuwarsa, daji da rana a bayansa, wani lokaci da wani babban tsuntsun dawa a ciki, wani lokaci babu. Bai taɓa yafe wa ɗansa shiga aikin ɗan sanda ba.

Masu ƙorafi na ganin duk wannan kaya ne da aka ɗora wa labarin ba dole. Ni kuma ina ganin in aka sauke kayan, labarin ma ya tafi. Mankell ya shafe shekaru yana zama tsakanin Suwidin da Maputo a Mozambik, inda ya jagoranci gidan wasan kwaikwayo na Teatro Avenida, kuma ya sha faɗin cewa ƙiyayyar baƙi da ya tarar tana ƙaruwa a ƙasarsa ce ta sa shi rubuta littafin. Lokacin ma ya tabbatar da damuwarsa: a 1991 jam'iyyar Ny Demokrati mai adawa da shigowar baƙi ta shiga majalisa, kuma daga watan Agustan shekarar zuwa Janairun 1992 wani mutum mai suna John Ausonius ya harbi mutum 11 da yake ganin baƙi ne, ɗaya ya mutu. Ga kuma kisan Firaminista Olof Palme a 1986 da aka kasa warwarewa, wanda ya girgiza amincewar mutanen ƙasar da 'yan sandansu. Labarin ƙasar da ta fara shakkar kanta yana buƙatar jami'in da shi ma yake shakkar kansa. Wallander da bakinsa yakan yi gunaguni a kan yadda gwamnati ke tafiyar da harkar masu neman mafaka, sannan ya kwana a waje yana farautar waɗanda suka kashe ɗan Somaliyan, ya gano akwai tsohon ɗan sanda a cikinsu. A ƙarshe kuma sai ya tabbata cewa baƙi ne suka kashe manoman. Marubucin bai ba kowane ɓangare abin da yake so ya ji ba, kuma jarumi mai tabbacin kansa ba zai iya ɗaukar labari irin wannan ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne abin da ya biyo bayan littafi na uku, na 1993, wanda ya shafi makircin kashe Nelson Mandela. A cikinsa Wallander ya kashe mutum a bakin aiki. A yawancin labaran irin wannan, jarumi kan harbe mugu ya mayar da bindiga kube, a shafi na gaba yana shan shayi. Shi kuwa sai ya rushe. Littafin 1994 ya same shi ya fi shekara yana hutun rashin lafiya, ya sha giya har ta kusa halaka shi, yana yawo shi kaɗai a bakin teku a Skagen da ke Denmak, ya riga ya yanke shawarar ajiye aiki. Mai karatun da ya ce wannan ya yi yawa, ina so ya tambayi kansa wane irin ɗan sanda yake so a unguwarsu: wanda zai ɗauki rai ya kasa barci shekara guda, ko wanda zai ɗauka ya yi minshari a daren. Duk wanda ya taɓa zama da ma'aikacin asibiti ko sojan da ya dawo daga fagen daga ya san aikin ganin gawa yana bin mutum har gida, ko da bai faɗa ba.

Inda masu ƙorafi suka fi mu gaskiya shi ne mu'amalarsa da mata da kuma yadda ake rufa masa asiri. A littafin farko ya yi tuƙi a buge, abokan aikinsa suka tare shi, suka kai shi gida shiru, abin da ba za su yi wa talaka ba. A cikin littafin dai ya kai hannu ga Anette Brolin, mai gabatar da ƙara kuma matar aure, ba da yardarta ba. Mata da dama cikin masu karatu ba su yafe masa wannan ba, kuma ban ga dalilin da zai sa su yafe ba. Kaɗaici ba uzuri ba ne, kuma labarin ya wuce wurin da sauri fiye da yadda ya kamata. Haka nan gaskiya ne cewa bayan nasarar waɗannan littattafai, kasuwa ta cika da jami'an bincike masu giya da mutuwar aure, har abin ya zama kamar rigar aro da kowa ke zurawa. Amma laifin masu kwaikwayo ba ya hawa kan wanda aka kwaikwaya, kuma shi kansa Mankell ya gaji hanyar ne daga Maj Sjöwall da Per Wahlöö, da suka rubuta littattafai goma a kan ɗan sanda mai bincike Martin Beck tsakanin 1965 da 1975. Bambancin Wallander da na aro shi ne damuwarsa tana tafiya da shekaru. Rydberg, dattijon da ya koya masa aiki, ya mutu da ciwon daji. Mahaifin Wallander ya rasu a littafin 1996, jim kaɗan bayan sun yi tafiya tare zuwa Rum sun fara fahimtar juna. A na 1997 likita ya gaya masa yana da ciwon suga, ya yi ta ɓoye wa abokan aiki don kunya. Kowane littafi yana karɓar wani abu daga hannunsa ba ya mayarwa.

Rigima mafi zafi ita ce ta littafin ƙarshe na 2009. Wallander ya kai kimanin shekara 60, ya bar gidansa na titin Mariagatan ya koma ƙauye, ya samu kare ya sa masa suna Jussi, Linda ta zama 'yar sanda ta haifa masa jika. Sai wata rana ya manta bindigarsa a gidan cin abinci, kuma bai iya tuna yadda aka yi ba. Daga nan giɓin ya yi ta faɗi, har Mankell ya rufe labarin da 'yan layuka kaɗan yana sanar da cewa cutar mantuwa ta Alzheimer ta cinye shi. Masu karatu da yawa sun ji haushi, suna ganin bayan duk wahalar da ya sha ya cancanci hutu a gidansa da jikarsa, marubucin kuma ya yi masa rowa. Na fahimci haushin, don ni ma ban so ba. Sai dai tun littafin farko aka nuna mana mahaifinsa yana ruɗewa, har ya ɗauki akwati cikin dare da kayan barci ya kama hanya cikin gonaki, kuma mun ga tsoron da ke zuciyar ɗan cewa wata rana shi ne. Makamin Wallander a wurin aiki dama tunawa ce, wata magana da wani ya faɗa makonni baya da take yi masa yawo a kai har ya kamo ta. Da Mankell ya ba shi tsufa mai daɗi, da ya saɓa wa duk abin da ya gina cikin shekara 18. Ya kuma toshe ƙofar da wani zai ci gaba da juya mutumin bayan mutuwar marubucin, wadda ta zo a Oktoban 2015.

Wanda zai fara, ya bi su bi da bi daga na 1991, kada ya faɗa ta tsakiya. Na lura yawancin masu cewa sufeton ya gundure su littafi ɗaya suka ɗauka daga tsakiyar jerin, suka tarar da mutum mai ciwon suga yana gunaguni, ba su ga abin da ya kai shi can ba.