Taskokin jami'o'inmu: a fara ceto kaset kafin tsohuwar takarda

Duk baƙon da aka kai ziyara Arewa House da ke Kaduna, ko sashen binciken tarihin Arewa da aka kafa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1964, abin da ake fara fito masa da shi rubutun hannu ne na Larabci da ajami. Babu laifi a haka, domin su ne abin alfahari. Sai dai ɗakunan nan suna ɗauke da wasu kayan da ba a kai baƙo wurinsu: fayilolin ofishin Firimiyan Arewa, jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, taswirori, hotuna, maikurofim (fim mai ɗauke da ƙananan hotunan takardu), littattafan da masu bincike suka riƙa rubuta abin da suka ji a ƙauyuka, kundayen digiri, da kaset-kaset na hira da dattawa. Kowanne da irin ciwonsa da saurin lalacewarsa. Ra'ayina shi ne, ɗan kuɗin da ake samu a kashe shi bisa wanda ya fi kusa da mutuwa. Idan aka bi wannan ma'auni, kaset ne a gaba, littafin ƙarni na 19 kuwa zai iya jira.

Dalilin yana cikin abin da aka yi kowanne da shi. Yawancin takardun da malaman Daular Usmaniyya suka yi rubutu a kai daga Italiya suka zo ta hamada, kuma wanda ya ɗaga shafi ya haska zai ga tambarin jinjirin wata uku a cikinsa. Tsofaffin cikinsu da tsummoki aka yi su, ba su da sinadarin da ke cinye takarda daga ciki, shi ya sa shafin da ya haura shekara 150 yake lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. Abokan gabarsa daga waje suke: gara, kyankyaso, ɓera, yoyon rufi, sai kuma tawadar da aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe, wadda ke huda takarda idan ta sha laima. Takardar jarida kuwa daga niƙaƙƙen itace take, tana yin ja tana rugurgujewa ko da babu wanda ya taɓa ta. Jaridar 1970 ta fi rubutun 1870 kasancewa cikin hatsari.

Kaset ya fi duka rauni. Sautin yana kan wani siririn shafe na garin ƙarfe da aka manna da gam a jikin zaren roba. Gam ɗin yana tsotsar danshi, ya yi danƙo, ranar da aka sa kaset a na'ura sai shafen ya kankare ya maƙale a kan da ke karanta sauti. Sau ɗaya ke nan, muryar ta tafi. Masana suna kiyasta rayuwar irin wannan zare tsakanin shekara 10 zuwa 30 idan ajiya ba ta da kyau, kuma kaset ɗin da ɗaliban tarihi da na Hausa suka cika a shekarun 1970 da 1980 sun daɗe da wuce wannan wa'adi. Ga kuma matsalar na'ura. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa nan da wajen 2025 samun na'urorin kunna zare masu aiki da kayan gyaransu zai gagara. Mun riga mun shiga wannan lokaci.

A lissafa abin da ke ciki. Dattijon da aka yi hira da shi a 1972 yana da shekara 80, yana yaro mai wayo lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Littafin fiƙihu ko na nahawu a kan sami kwafi goma a garuruwa goma, in ɗaya ya salwanta a nemo wani. Hirar wannan dattijo kwafi ɗaya ce a duniya. Kuma mafi yawan abin da mata da maƙera da fatake da waɗanda aka haifa cikin bauta suka faɗa da bakinsu a kan zare yake, domin alƙalami bai cika bi ta kansu ba.

Aikin ceton ba ya bukatar sabon gini. Ana fara duba kowane kaset da ido: idan akwai farin fumfuna a gefen zaren, a ware shi, kada ya shiga na'ura ya shafa wa saura. A ɓalle ƴan marfin nan biyu na saman kaset don kada wani ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure. A duba ɗan soson da ke tokare zaren, domin yakan faɗi, in ya faɗi sauti ya dushe. A goge kan na'ura bayan kowane kaset. A naɗi sautin a kwamfuta a tsarin WAV, wanda ba ya rage komai daga sautin, a ma'aunin 96 kHz da bit 24, ko aƙalla 48 kHz; MP3 na sauraro ne kawai, domin yana zubar da wani ɓangare na sautin. Awa ɗaya a babban ma'aunin tana cin kusan gigabait 2 idan layi biyu ne, na hagu da na dama, wato kaset 1,000 masu awa ɗaya za su shiga terabait 2. Abin da ke da tsada shi ne lokaci: ba a gaggauta kaset, minti 90 sai an zauna masa minti 90, ban da shiri da rubuta bayani. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya da wuya ya wuce huɗu a yini. Kaset 1,000 aikin shekara guda ne cur.

Bayan kaset sai maikurofim. A shekarun 1960 masu bincike a Zariya da Ibadan da Legon ta Gana sun riƙa aron littattafai daga gidajen malamai, su ɗauki hotonsu, su mayar. Wasu daga cikin na asalin sun watse wajen rabon gado, don haka fim ɗin ne kaɗai ya rage. Fim na wancan zamani idan ya fara lalacewa yana warin tsami irin na ruwan khal, yana yamutsewa, kuma tururin da yake fitarwa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. Duk gwangwanin da aka buɗe aka ji wannan wari, a fitar da shi daga cikin ƴan'uwansa a ranar, a sa shi a sahun gaba na juyawa zuwa kwamfuta.

Wani zai ce ai mafita ita ce a ɗauki hoton komai a zuba a intanet. Wannan rabin magana ce. Shafi ɗaya mai girman A4 a tsarin hoto na TIFF da ɗigo 300 a inci yana kai megabait 25, kuma hoton da ba a rubuta masa suna da marubuci da inda aka samo shi ba ya zama allura cikin ruwa. Littattafanmu warwara suke, ba ɗinki, kalmar da mai kwafi ya rubuta a ƙasan shafi ce ke nuna shafin da ke biye, don haka sai wanda ya iya karatun zai jera su kafin mai kyamara ya fara. Fihirisa ke zuwa kafin hoto. Tarin littattafan Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano, sama da 3,000 ne a Jami'ar Northwestern ta Amurka, kuma ana cin moriyarsu ne saboda an lissafa su ɗaya bayan ɗaya, mutum yana gida zai san abin da ke ciki.

Fayil ma yana mutuwa. Ƙa'idar ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani gari daban, kuma a riƙa gwada su lokaci-lokaci don gane wanda ya gurɓace. Gobarar da ta ci ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town ranar 18 ga Afrilu 2021 ta nuna amfanin kwafin wani gari. Kutsen kwamfuta da aka yi wa babban ɗakin karatu na Birtaniya a Oktoban 2023, wanda ya rufe fihirisarsa wata da watanni, ya nuna cewa kuɗi da ƙwarewa ba sa hana wannan. Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri za su iya riƙe wa juna kwafi, haka ma cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai mai rubuce-rubucen hannu kimanin 4,000, waɗanda Boubou Hama ya assasa tarawa.

Takardar da na ce ta jira, ba a yashe ta za a yi ba. Bukatarta mai araha ce. A cire fil da kilif domin tsatsa, a daina manna salatif, a daina liƙe takarda cikin roba da zafi, domin ba ta sake fitowa lafiya. Kantar ajiya ta zama ta ƙarfe, ta ɗaga daga ƙasa kamar santimita 15, ta bar jikin bango saboda gara. Fumfuna yana tashi idan laimar iska ta haura kashi 65 cikin 100, abin da Agustan Kaduna ke kaiwa cikin sauƙi, hunturu kuma ya busar da takarda har ta riƙa karyewa. Na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki awa huɗu ta mutu awa ashirin ta fi rashinta illa, domin hawa da saukar zafi da laima ne ke gajiyar da takarda. Ɗaki na tsakiyar gini mai kaurin bango, da akwatunan kwali marasa sinadari, da ɗan ma'aunin laima da ake dubawa kullum, sun fi ta amfani. Littattafan Timbuktu da aka kwashe zuwa Bamako a 2012 da 2013 sun tsira daga masu bindiga, sai laimar Bamako ta zama sabuwar barazana.

Asusun TETFund yana ba jami'o'in gwamnati kuɗin bunƙasa ɗakunan karatu. Majalisar kowace jami'a tana da ikon cewa a ware wani kaso don albashin ma'aikaci ɗaya mai juya sauti, na'urar kaset biyu masu kyau da kayan gyaransu, da ma'ajin fayil. Kafin nan, shugaban ɗakin karatu ya aika wa sassan Tarihi da Harsunan Nijeriya da Aikin Jarida takarda su kawo lissafin kaset ɗin da ke cikin kabad-kabad ɗinsu, a kuma tuntuɓi iyalan malaman da suka yi ritaya ko suka rasu, domin da yawa daga cikin hirarrakin suna gidajensu cikin kwali.