Farin ƙuda da saƙon da ake tsorata manoma da shi

Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wanda ke cewa masana sun tabbatar ƙwari suna kwashe ƙwayoyin halitta, wato abubuwan da ke ɗauke da halayen gado, daga irin zamani don haka manomi ya guji waken SAMPEA 20-T, irin waken da aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure wa tsutsa, ya ɓata min rai ƙwarai, domin an ɗauki bincike na gaskiya an yi masa mummunar fassara.

Binciken ya fito ne a mujallar kimiyya mai suna Cell a 2021, daga tawagar Youjun Zhang ta Beijing tare da Ted Turlings na Jami'ar Neuchâtel da ke Switzerland. Sun gano cewa farin ƙuda, wato Bemisia tabaci, wanda ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir da wadda ke ɓata ganyen rogo, yana ɗauke da ƙwayar halitta mai suna BtPMaT1 wadda asalinta daga tsiro take. Da ita yake kashe kaifin gubar da tsirrai ke kare kansu da ita, kuma tana cikin dalilan da suka sa yake iya cin ɗaruruwan nau'o'in tsirrai.

Amma yaushe ƙwaron ya samo ta daga tsiro? Aƙalla shekaru miliyan 35 da suka wuce. Shekaru miliyan 35, tun babu ɗan Adam a doron ƙasa, balle gona, balle cibiyar bincike ta Samaru da ta fitar da waken a 2019. Wanda ya rubuta saƙon ya ɓoye wannan adadi, alhali shi ne ginshiƙin maganar. Masu cewa ai tunda ya taɓa faruwa zai iya maimaituwa, ba su kawo hujja ba, domin abin da ke aukuwa jefi-jefi cikin miliyoyin shekaru ba shi ne zai hana manomi shuka a daminar bana ba.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da aka binne. Masu binciken sun samar da tumatir da ke toshe aikin wannan ƙwayar halitta, kuma kusan dukkan farin ƙudan da suka tsotse shi sun mutu. Ma'ana, abin da ƙwaron ya samo daga tsiro ya zama lagonsa, kuma ana iya kama shi ta nan ba tare da an yi ta feshi ba.

Shi kuwa feshin, shi ya cancanci a yi ta yaɗa saƙo a kansa, domin farin ƙuda ya daɗe da jure wa magunguna da dama, yayin da masu noman rani ke ƙara yawan maganin duk shekara, wasunsu ko takunkumi ba sa sawa.