Wai in kai Land Rover ɗin mahaifina a auna a kilo

Jiya bayan la'asar wani mai shagon kayan mota, yaron da na haifi wanda ya girme shi, ya dube ni a gaban jama'a ya ce in kai motar mahaifina wajen 'yan gwangwan su auna. Har yanzu zuciyata tafasa take yi.

Land Rover ce, Series III, doguwar nan, ƙirar 1978. Marigayi ya saye ta a gwanjon ma'aikatar gona, ita ke kai mu ƙauye da damina lokacin da akori-kura ke kwana a laka. Duk wanda ya taɓa tuƙa irinta ya san sandunan nan biyu da ke gefen giya: ka danna mai kan ruwan ɗorawa ƙafa huɗu su kama, in ta nutse a yashi ka ja mai jan kai baya, ta fito tana gurnani. Bodinta alminiyam ne, tsatsa ba ta taɓa shi ba. Shasi ne ya ruɓe ta baya, mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe. An sauke inji, an canza ringi, an ɗinke lagireto. Abin da ya rage giyabos ne kawai: giya ta biyu fita take yi da kanta da zarar an ɗaga ƙafa daga totur.

Abin da na sha kafin in kawo nan ba sai na faɗa muku ba. Bakaniken da zai cire maka kafireto na asali ya maƙala maka na jabu, gaskit ɗin da ke zubar da mai tun ranar da aka sa shi, mai fenti da ke karɓar kuɗi ya kashe waya. Duk na haɗiye.

Wannan yaron shi ya rantse mini zai sa a kawo haƙoran giyar daga Ingila. Na ba shi rabin kuɗi kafin alƙalami, ya rubuta mini a takarda. Tun sanyi nake sintiri, kullum kaya suna kan ruwa.

Jiya na shiga na yi sallama. Yana kishingiɗe a kan benci yana latsa waya, bai amsa ba. Na sake yi. Ya ɗago ido kaɗan ya ce, "Baba, ya aka yi?" Na ce, "Malam, maganar kayan nan ce." Ya ce, "Wane kaya?" Na ciro takardar da ya rubuta da hannunsa na miƙa masa. Bai karɓa ba, daga inda yake kwance ya leƙa ta, ya ce, "Au, wannan. Ai sun zo, an sayar."

Na ce, "An sayar wa wa? Ba da kuɗina aka sayo su ba?"

Ya ce, "Wani ne ya zo da kuɗi a hannu. Dala ta tashi, Baba. Abin da ka bayar yanzu ko kuɗin fito ba zai biya ba. In kana so ka ciko ninki biyu a sake yin oda."

Na danne zuciyata na ce to ya ba ni kuɗina. Sai a lokacin ya tashi zaune, ya yi miƙa, ya juya wajen abokansa da ke cin gyaɗa a bakin ƙofa, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Kuɗi sun shiga kasuwa, sai ka dawo. Ni fa da za ka ji shawara, wannan gwangwanin ka kai shi a auna. Bodin kaɗai zai yi tukwane goma na biki." Suka kwashe da dariya, har ɗaya yana tafawa. Babu wanda ya ce masa kul. Dattijon da ke shagon kusa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi. Ya ci amanata, ya riƙe kuɗina, sannan ni ne abin dariya!

Wa ya ba yaro irin wannan bakin? Ya san ba ni da wani wurin zuwa, shi ya sa. Kuma waɗanda suka mulki ƙasar nan su suka mayar da mu haka. A shekarun 1970 Najeriya ta kafa masana'antun haɗa motoci shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, ANAMMCO a Inugu, da Leyland a Ibadan, inda ake haɗa Land Rover irin tawa. Ina amfaninsu yau? An fara ginin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta tun 1979, har gobe jawabi ake yi a kansa. Ƙasar da ta haɗa mota sukutum yau ba ta iya yanka haƙorin giya ɗaya, sai an jira jirgin ruwa. A 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira, dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Tun daga nan kowane maci amana ya samu mafaka: dala ta tashi.

Mu ma jama'a muna da namu. A Ingila tun 1985 aka daina ƙera wannan samfurin, amma har yau ana yin kayan gyaransa sababbi, saboda akwai masu riƙe da motocin suna tattalinsu. Mu kuwa motocin malaman gona da na asibiti da na 'yan sanda an bar su a bayan ma'aikatu ciyawa ta cinye, daga baya a sayar wa masu guduma da daddare. Da a ce an adana ko kaɗan daga cikinsu, da giyabos bai gagare ni a garin nan ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, masu mulkin sun fi kowa sanin darajar mota mai jan ƙafa huɗu. A ƙarshen 2023 'yan majalisar tarayya suka sayo wa kansu manyan jif-jif daga waje da kuɗin talakawa, aka ruwaito kowace ta kai kusan naira miliyan 160, hujjarsu wai hanyoyinmu ba su da kyau. Wa ya hana a gyara hanyoyin? Wa ya bar masana'antun da za su haɗa musu motocin a gida suka durƙushe? Su fito su ba mu amsa.