Ɗan Ostireliya da ɗan Samoa a New Zealand: duka baƙi ne, amma ba ƙofa ɗaya suka bi ba

Duk sanda aka tashi maganar halin da baƙi ke ciki a New Zealand, kusan abu ɗaya ake maimaitawa, wai 'yan Ostireliya mazauna ƙasar suna can sama kafaɗa da kafaɗa da Turawan gida wajen albashi da mallakar muhalli, 'yan Samoa kuma suna can ƙasa. Daga nan sai masu fashin baƙi su ɗora nasu, wai waɗancan sun iya tattali, waɗannan kuma haihuwa ta yi musu yawa ga bukukuwa ga zuba kuɗi a coci. Ni dai gaskiya wannan lissafin bai kwanta min ba. Ratar kam akwai ta, babu mai musu, amma an gina ta ne tun daga bakin ƙofa kafin ma ɗayansu ya karɓi albashinsa na farko.

Ɗan Ostireliya in ya ga damar komawa New Zealand da zama, tikiti kawai zai yanka. Tun 1973 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, yana sauka filin jirgin Auckland da fasfonsa za a ba shi izinin zama nan take matuƙar ba shi da wani mugun laifi a baya, ba a tambayarsa shekarunsa nawa, ba a ce sai ya nuna takardar ɗaukar aiki ba. Sannan tun ƙarshen shekarun 1990 aka ƙara da wata yarjejeniyar da ta ce in kana da rajistar sana'a a ɗaya ƙasar to ta ci a ɗayar, wato nas ɗin Sydney ko mai gyaran wutar Brisbane zai ɗora daga inda ya tsaya. Kai hatta manyan bankuna huɗu na New Zealand ɗin, ANZ da ASB da BNZ da Westpac, duk iyayen gidansu a Ostireliya suke. Mutumin da ya shigo a haka sunan baƙo kawai yake amsawa.

To shi ɗan Samoa fa, wato ƙasar tsibirai da ke tekun Pasifik? Gurbi 1,100 na izinin zama aka saba ware wa ƙasarsu a shekara, kuma ƙuri'a ake jefawa, masu nema sun ninka gurbin sau ba adadi. In sunanka ya fito ma ba shikenan ba, sai shekarunka sun kasance tsakanin 18 da 45, sai kana jin Turanci, sai ka kawo shaidar cewa akwai aikin da ke jiranka a can cikin ɗan lokacin da aka ɗibar maka. Yanzu dan Allah mutumin da ke zaune a wani ƙauye a tsibirin Savai'i na Samoa ta ina zai samo aiki a Auckland cikin 'yan watanni? Ɗan uwansa da ya riga shi zuwa ne zai yi masa hanya, shi kuma ɗan uwan a mayanka yake aiki ko wani kamfanin haɗa kaya ko sito, to nan ɗin dai zai kai shi. A haka malamin makaranta a Apia, babban birnin Samoa, zai wayi gari yana jera kwali a sito da daddare, ba don bai iya koyarwa ba, sai don aikin da ya fara samu shi ne ya buɗe masa ƙofa kuma ga iyali yana jira. Ko ziyara ce, a ce an yi maka rasuwa a Auckland kana so ka je jana'iza, ɗan Samoa sai ya nemi biza ya jira.

Akwai kuma wata 'yar ƙofar ta baya, shirin ma'aikatan gona na wucin gadi da aka fara a 2007. A kwaso matasa daga Samoa da Tonga da Vanuatu su zo tsinkar tuffa a Hawke's Bay ko aikin gonakin inabi a Marlborough, su yi wata bakwai iyaka su koma, ba mata ba 'ya'ya, bizarsu a ɗaure take da ubangidan da ya ɗauko su, ana cire kuɗin ɗaki da wani kaso na kuɗin jirgi daga albashi. Ko shekara goma ka yi kana zuwa hakan ba ya zama hanyar samun izinin zama. Hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta New Zealand da kanta ta fitar da rahoto a 2022 kan irin cunkoson ɗakunan da ake zuba wasunsu da yankan albashin da ba shi da kan gado.

Abin da ya sa maganar take da ɗaci shi ne Samoa ba wata baƙuwar ƙasa ba ce ga New Zealand. Sojojin New Zealand ne suka ƙwace ta daga hannun Jamus a 1914 suka mulke ta har zuwa 1 ga Janairun 1962. A hannunsu ne a 1918 aka bar wani jirgin ruwa mai suna Talune ya sauke fasinjoji masu ɗauke da annobar mura a Apia ba tare da an killace kowa ba, cikin 'yan makonni kusan mutum ɗaya cikin biyar na al'ummar ƙasar ya mutu. A hannunsu ne kuma a Disambar 1929 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar lumana na ƙungiyar Mau mai neman 'yancin Samoa, har aka kashe babban basarake Tupua Tamasese Lealofi III. Helen Clark, firaministar New Zealand a lokacin, ta je Apia ta nemi afuwa a 2002, an gode, amma afuwa ba ta biyan kuɗin haya.

Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun New Zealand sun rasa ma'aikata, sai aka riƙa jawo 'yan tsibirai, wato mutanen tsibiran Pasifik irin su Samoa da Tonga, in bizar mutum ta ƙare ma a kau da kai tunda ana buƙatarsa. Da tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1970, ga tsadar mai ga Birtaniya ta shiga kasuwar Turai ta rage sayen kayansu, sai aka juyo kan waɗannan bayin Allah. Daga 1974 zuwa 1976 'yan sanda da karnuka suka riƙa dirar wa gidajensu da asuba, a tashi tsofaffi da yara daga barci a ce kowa ya fito da takarda, a tare mutum a titi don kalar fatarsa kawai. Ku duba shekarun da kyau, a 1973 aka buɗe wa ɗan Ostireliya ƙofa wangale, shekara ɗaya bayan nan ake fasa ƙofar ɗan Samoa da asuba. Wani bincike da aka yi a tsakiyar shekarun 1980 ya gano 'yan tsibirai kashi ɗaya cikin uku ne na waɗanda suka wuce wa'adin bizarsu amma su ne kashi 86 cikin 100 na waɗanda aka gurfanar, su kuwa 'yan Birtaniya da Amurka da su ma suka kai kashi ɗaya cikin uku, kashi 5 kacal. Jacinda Ardern, firaminista a lokacin, ta ba da haƙuri a hukumance a Agustan 2021, har aka lulluɓe ta da tabarmar gargajiya irin yadda 'yan Samoa ke neman gafara.

Wani zai ce ai wannan duk tarihi ne ya wuce. Bai wuce ba, don dukiya gado take bi. A wancan zamanin unguwannin Ponsonby da Grey Lynn da ke tsakiyar Auckland cike suke da 'yan tsibirai, galibi 'yan haya a tsofaffin gidajen katako. Da unguwannin suka yi daraja aka tura su kudancin birni, su Māngere da Ōtara. Yau ɗaya daga cikin waɗancan gidajen katakon miliyoyin daloli yake yi, wanda kakansa ya saya a lokacin ya haye, wanda kakansa haya ya yi kuma har yanzu haya yake. Ana cikin haka gwamnatin da ta hau a 1984 ta zo da sauye-sauyen ministan kuɗinta Roger Douglas, aka janye kariyar da ake ba masana'antun cikin gida, kamfanonin haɗa motoci suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe suka tafi a 1998, kuma ayyukan da aka kawo 'yan Samoa domin su kenan. Shi ya sa a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar, dukiyar matsakaicin Bature ta ninka ta matsakaicin ɗan tsibiri kusan sau tara, sannan kusan mutum huɗu cikin goma na 'yan tsibirai a cunkushe suke kwana a gida.

Su kansu alƙaluman ma akwai wayo a ciki in ba ka lura ba. Ƙidayar 2023 ta nuna masu asalin Samoa a New Zealand sun haura 213,000, sun ma fi mutanen da ke cikin Samoa ɗin kanta yawa, wadda ƙidayarta ta 2021 ta tsaya a wajen 205,000. Amma mafi yawansu a New Zealand aka haife su, to ta ina suka zama baƙi? Kuma al'umma ce ta yara, matsakaicin shekarun 'yan tsibirai ashirin da 'yan kai ne alhali na Turawa ya haura arba'in, in ka gwada albashin ɗan shekara 23 da na ɗan shekara 42 me kake tsammanin gani? A ɗaya ɓangaren kuma, cikin haifaffun Ostireliya sama da 70,000 da ke ƙasar, da yawa 'ya'yan 'yan New Zealand ne da suka je ci-rani suka dawo gida, ga kaka ga gidan gado yana jiransu. Ga wani abun kuma da ba a cika faɗa ba, albashi a Ostireliya ya fi na New Zealand, don haka ɗan Ostireliyan da abubuwa suka ƙi masa sai ya tattara ya koma gida cikin awa uku a jirgi, ya fita daga lissafi. Waɗanda suka rage a tebur ɗin galibi waɗanda ta karɓe su ne.

Yanzu maganar al'ada, don ba zan yi kamar babu ita ba. 'Yan Samoa suna da abin da suke kira fa'alavelave, wato hidimar dangi in an yi rasuwa ko aure ko naɗin sarauta. A ce tsoho ya rasu a ƙauye, kafin gari ya waye waya ta zaga Auckland da Porirua da Sydney, shugaban dangi ya yanka wa kowane gida abin da zai kawo, ga kuɗi ga katan-katan na naman gwangwani ga tabarmin alfarma da ake musaya, kuma a bainar jama'a ake shelanta abin da kowane ɓangare ya kawo. A wasu coci-cocin ma ranar Lahadi karanto sunan kowane gida ake da abin da ya bayar. Bahaushen da ya taɓa zama a Kurmi ko Saudiyya waya na shigo masa daga gida kan suna da biki da kuɗin asibiti ba sai an yi masa dogon bayani ba. Masu ba da bashi da ruwa mai tsada sun san wannan sarai shi ya sa suka cika kudancin Auckland, kuma matasan Samoa da kansu suna ta muhawara a kai, wasu na cewa abun ya koma gasa da nuna isa, a rage. Suna da gaskiya.

Sai dai mu lura da inda kuɗin ke tafiya. Abin da 'yan Samoa na waje ke aikawa gida ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar gaba ɗaya, shi ke yin kwanon rufi bayan guguwa, shi ke biyan kuɗin makaranta da magani. Albashi ɗaya a Māngere na iya ɗaukar gida uku a ƙasashe biyu, shi kuwa ɗan Ostireliya iyayensa na da fansho da asibitin gwamnati, wani sa'in ma su ne za su tallafa masa da kuɗin kafin alƙalami na sayen gida. In ka auna su da abin da ya rage a asusun banki dole ɗaya ya fito kamar almubazzari.

Kuma duk wannan bayan kuɗin ya shiga aljihu ne. Binciken da hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta yi a 2022 ya nuna a duk dala ɗaya da Bature namiji ya samu, namiji ɗan tsibiri santi 81 yake samu, mace kuma santi 75, sannan da masana suka cire bambancin karatu da shekaru da irin aikin, mafi yawan giɓin yana nan ba a gano dalilinsa ba. Wannan ba coci ba ne ya cinye, ba jana'iza ba ce, tun a ofishin biyan albashi aka zabtare.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu kare tsarin ita ce, to in abun ya yi muni haka me ya sa ake rububin ƙuri'ar? Amsar a fili take, mafi ƙarancin albashi a Samoa a 2024 tala 4 ne a awa, wato kuɗin ƙasarsu, a New Zealand kuma ya haura dala 23, kuma dalar ta fi talar daraja. Wanda ya tsallaka ya ci riba babu ko tantama, ni ma da ni ne zan shiga layi. Amma wannan gwada shi ne da wanda ya baro a ƙauye, alhali haya da kuɗin wuta da harajin da yake biya irin na maƙwabcinsa ɗan Melbourne ne, don haka da shi ya kamata a gwada. Ita ma Samoa ɗin tana ji a jikinta, Fiame Naomi Mata'afa lokacin tana firaminista ta sha kokawa kan yadda shirye-shiryen ɗibar ma'aikata ke kwashe musu ƙwararru.

A 1982 wata mata 'yar Samoa, Falema'i Lesa, da aka so a kora, ta kai ƙara har kotun ƙoli ta Landan, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe ga New Zealand, ta kuma yi nasara, aka yanke cewa waɗanda aka haifa a Samoa tsakanin 1924 da 1948 'yan ƙasar New Zealand ne. Da an bar hukuncin nan, da dubban iyalai sun shigo ta babbar ƙofa tun gidaje na araha. Gwamnatin Robert Muldoon ba ta ɓata lokaci ba, cikin 'yan watanni ta yi doka ta soke shi. Sai a Nuwambar 2024 majalisa ta amince da ƙudurin ɗan majalisa Teanau Tuiono na maido musu haƙƙin, aka yi ta waƙe-waƙe da hawaye a zauren majalisa. Wanda ya fi ƙuruciya cikin waɗanda dokar ta shafa shekararsa 75 a lokacin, kuma ba ta haɗa da 'ya'yansu da jikokinsu ba, su sai dai su sake cike fom ɗin ƙuri'a baɗi.