Ƙwaƙwalwar mota: a Manchesta a canja, a Kano a buɗe a gani

Wata safiyar Litinin cikin hunturun da ya wuce na fito ƙarfe biyar da rabi zan tafi ɗaukar kaya, na murɗa makulli, mota ta yi tsit. Batir ya mutu. Maƙwabcina ya ba ni wuta daga tasa, ta tashi. Kafin in hau babban titi waifa ta kama share gilashi ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Da yamma siginar hagu ta ƙi, ƙofar baya ta kulle da kayan mutane a ciki. Washegari batir ya sake mutuwa, alhali bai yi wata huɗu da saye ba.

Wannan motar ita ce gonata. Da ita nake kai kaya gida-gida a Manchesta da kewaye, kuma duk ranar da ta kwana a gareji ranar ba ko sisi, ga haya ga inshora ba sa jira.

Abin da kanikawanmu ke kira ƙwaƙwalwar mota ba guda ɗaya ba ne. Akwai ta inji, mai auna mai da iska. Akwai kuma ta jikin mota, wadda a nan ake ce wa BCM, wani baƙin akwati da bai fi ƙaramin littafi ba, a ɓoye ƙarƙashin dashbod. Fitilu, sigina, waifa, hon, gilasan ƙofa, kulle ƙofofi, duk a hannunta suke, a motoci da yawa har da tantance makulli kafin inji ya yarda ya tashi. A motocin da, waya ce ke tashi daga maɓalli ta tafi ƙwan fitila. Yanzu maɓallin saƙo kawai yake aikawa, akwatin ne ke ba da wuta. Akwatunan kuma suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin CAN da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. In ka kulle mota ka tafi, ya kamata akwatin ya yi barci bayan 'yan mintuna. Nawa ya daina barci, shi ne yake shanye batir cikin dare.

Na fara kai ta babban gareji. Suka jona kwamfuta a soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari, ta fito da jerin lambobi, suka ce a canja akwatin. A yi odar sabo, a jira ya iso, a shigar masa da lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17, a sake gabatar masa da makullai, a biya kuɗin aiki awa-awa, a ɗora harajin VAT kashi 20 cikin 100. Jimillar ta kusa cinye abin da nake samu a mako biyu. Na tambayi saurayin da ke kan tebur ko za a iya buɗewa a duba. Ya ce su ba sa buɗewa, ɗungurungum suke canjawa. Ban ga laifinsa ba. Inda awar bakanike ke da tsada haka, kuma dole ya ba da garanti, sabon kaya ya fi masa kwanciyar hankali. Ni ma ba halin in lallaɓa haka nan, domin duk motar da ta haura shekara uku sai ta yi gwajin lafiyar mota da ake kira MOT kowace shekara, sigina ko waifa ko hon in ba sa aiki ta faɗi, tuƙi ba takardar kuma tararsa tana iya kaiwa fam 1,000.

Da daddare na kira yayana a Kano, shi ma da mota yake ci. Ya ce, "Haba ƙanena, wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Turo hoton akwatin, gobe in shiga Ƙofar Ruwa a samo ɗan Beljiyam. In ya ƙi, a ja waya daga batir a sa wa waifar maɓallinta daban."

Maganarsa ta tuna mini da mai wayarin na unguwarmu, a gindin darbejiya, da ƙwan fitila ɗaure a bakin waya yana taɓa nan yana taɓa can. In ya ciro abu sai ya buɗe, ya shinshina ko akwai ƙauri, ya karkata shi ga rana, ya ɗiga dalma inda ya tsinke. Bai taɓa yarda cewa akwai abin da mutum ya ƙera wanda mutum ba zai iya buɗewa ba. Wannan zuciyar nake kewa a nan, kuma har gobe ina ganin ta fi ta "jefar ka sayi sabo".

Amma rabin maganar Yaya ta biyu, ita ce ke ba ni tsoro. Na sha ganin an ja waya daga batir kai tsaye ba fiyus, an naɗe da leda, an haɗa fanka ta yi ta juyawa ba tsayawa. A tsohuwar mota sai a daɗe ana sha da haka. A motar yanzu, wayar da ka yanke wataƙila ita ce hanyar da akwati uku ke magana, sai ka gyara waifa ka kashe mitar dashbod. Wani lokacin kuma gobara. Ga kuma canke: da zarar lantarki ya rikice sai a ce ƙwaƙwalwa ce, mai mota ya sayi ɗaya, ya sayi ta biyu, a ɗaura mota ta ƙi tashi, a ce an sayar masa da matacciya. Nan kuwa lafiyarta ƙalau, makullin wata motar ta sani, ba nasa ba.

A ƙarshe wani abokin aiki ya nuna mini wani dattijo mai ƙaramin gareji a bayan layin dogo. Ya karanta lambobin kwamfutar kamar yadda na farko suka yi, sai ya ajiye ta. Ya ɗauko butar ban ruwan fure, ya ce in riƙa zubawa a gilashin gaba, shi kuma ya kwanta a ƙasan dashbod da tocila. Ba a yi minti biyu ba ya kira ni in leƙa. Ruwa ne ke bin wata waya yana gangarowa, ɗis, ɗis, daidai kan soket ɗin akwatin. Da ya zare soket ɗin, haƙoransa sun yi kore shar. Ganyen kaka ne ya toshe magudanar da ke ƙasan waifa, ruwan saman Manchesta kuma ba ya hutu, sai ya nemi wata hanya. Da an ɗaura sabon akwati ba a toshe wannan yoyon ba, shi ma ruwan zai sha.

Allon cikin ya riga ya ci, ba ya gyaruwa. Ya samo na hannu mai lamba iri ɗaya a wurin masu farfasa motoci, ya kwafe bayanan tsohon ya zuba a ciki, makullaina suka yi aiki ba tare da an sake komai ba. Ya share magudanar, ya liƙe inda ruwa ke shiga. Sannan ya kulle motar, ya jona mitar auna wuta a batir, muka tsaya muna kallon lambar tana sauka har ta koma ƙasa da miliamp 50. Ya ce yanzu ta yi barci. Kwana biyu ke nan, a kan kusan sulusin kuɗin farko.

Abin da na gani a wurin dattijon nan shi ne hannun mai wayarin na gida, tare da mita da taswirar wayoyi. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa matsalar kanikawanmu rashin kwamfuta ce. Kwamfutar yanzu ta yi arha, har a waya ana sa ta. Lamba kawai take bayarwa, ba za ta gaya maka ganye ya toshe magudana ba.

Kulle akwati da mota ɗaya kuwa, na san dalilinsa ɓarayi ne, kuma dalili ne na gaske. Amma wanda ya biya kuɗin mota bai kamata ya zama sai da izinin kamfani zai gyara ta ba. A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta tilasta wa masu ƙera motoci su buɗe wa ƙananan gareji bayanan gyara. Motocin da ke sauka gida daga Beljiyam da Jamus da Amurka da irin waɗannan akwatunan suke zuwa, dokar kuwa ba ta biyo su.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa yana Farm Centre, kasuwar wayar hannu ta Kano. Yaran da ke gyaran waya a can suna ɗaga abin da bai kai ƙwayar gero ba daga allo, su mayar da wani, su kwafe bayanai daga wannan waya zuwa waccan. Allon BCM ya fi na waya girma da sauƙin aiki. Mai wayarin ya san mota, yaron Farm Centre ya san allo, amma kowa yana rumfarsa. Da ni ke da gareji a Kano, da tebur ɗaya zan ajiye musu.

Na aika wa Yaya mita ta hannun wani mai tafiya gida, na kuma roƙe shi kafin damina ta sauka ya ɗaga robar ƙasan waifar motarsa ya kwashe ƙurar da ta taru. Ya ce ya duba, ya ciro ƙasa cike da tafin hannu biyu.