Ba "babu komai" suka ce ba, Malam

Tun jiya abin nan yake cina. Wani bidiyo ne ke yawo. Mutum ya gyara zama ya ce wai mabiya Buddha sun yarda babu komai a duniya, to don me suke cin tuwo? Aka kwashe da dariya, aka yi ta turawa. Sannu da ƙoƙari, Shehin Malami!

Ba haka suka ce ba. Kalmar da suke amfani da ita ita ce shunyata, wato zama fanko, kuma nufinsu shi ne babu wani abu da yake tsaye da ƙafarsa, shi kaɗai, ba tare da sababi ba. Nagarjuna, malaminsu na kudancin Indiya a wajen ƙarni na 2 miladiyya, a kan haka ya gina mazhabarsa: abu fanko ne don kuwa dogaro yake da wani. Suna da tsohon misali, wanda wani malaminsu, Nagasena, ya ba wani sarki mai suna Milinda da keken doki. Mu ɗauki amalanke. Cire taya, cire katako, cire ƙusoshi. Ina amalanken? Ba ya cikin taya, ba ya cikin ƙusa. Amma haɗa su ka ga ya ɗauko maka buhun masara daga kasuwa har ƙofar gida. Yana nan, yana aiki, sai dai haɗuwa ce ta samar da shi. Shi kansa Nagarjuna ya gargaɗi masu ɗaukar maganar a matsayin "babu komai", ya ce kamar kama maciji ne ta gurguwar hanya. Tun shekara kusan 1,800 ya amsa wa mai bidiyon nan.

Na san masu zuwa su ce ina kare kafirci. Ku huta. Ni Musulmi ne, na yarda akwai Wanda bai dogara da kowa ba, Assamadu, kuma a nan muka raba gari da su. Amma in za ka ƙi maganar mutum, ƙi abin da ya faɗa. Kada ka ƙaƙaba masa ƙarya ka doke ta ka ce ka yi nasara. Ba su ce babu komai ba, sau nawa zan faɗa?

Af, kun ma san "sifiri" ɗin da ake ba ɗalibi in ya faɗi jarrabawa? Daga sifr na Larabci ne, su kuma Larabawa shunya ta Indiyawa, wato fanko, tushen shunyata ɗin nan, suka fassara. Malamin lissafinmu na firamare da jan biro yake zana shi, ƙato, har da idanu biyu a ciki.